Mai Hawashar Sama

Duk wanda ya san ƙauyenmu, kudu da Hasahisa, ya san Bilyamin. Ya gaji hawasha, gonar ban ruwa, daga mahaifinsa, kuma ba a taɓa kushe audugarsa ba. Harshensa ne bai iya riƙewa. Da shi ya yi wa matarsa Raihana saki uku a kan miyar da gishiri ya yi wa yawa. Kafin la'asar ya fara cizon yatsa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Shekara na zagayowa wani manomi, Tahir, ya aure ta. Abin haushi, hawashar Tahir ce ke bin tasa a magudana ɗaya, sai ruwa ya wuce ta bakin gonar Bilyamin kafin ya isa can. Bilyamin ya sake aure, ya haifi 'ya'ya, kishi kuwa ko gezau. In ya hango Raihana ta kawo wa Tahir abinci gona, sai ya juya baya ya hau zagin jakinsa. In aka yabi gyaɗar Tahir a kasuwa, ya ce ƙasar ce mai kyau, ba manomin ba.

Abu ɗaya yake taƙama da shi. Mace a wurinmu ba ta faɗin sunan mijinta, Raihana kuwa ko bayan rabuwa ba a taɓa jin nasa a bakinta ba, "mai hawashar sama" take cewa. A wurin shan gahawa yakan ce mana bakin da ke jin nauyin suna, zuciyarsa ba ta manta ba. Mu dai sai mu ci gaba da kurɓar gahawarmu.

Wata shekara ruwa ya yi ƙaranci, dawa na fitar da kai. Bilyamin ya toshe magudanar da laka, ya bar ruwa yana kwanciya a gonarsa da ta riga ta ƙoshi. Tahir ya roƙe shi, Bilyamin ya ce masa layinsa na ban ruwa bai zo ba. Dattawa suka sa baki, ya yi kunnen uwar shegu. Kowa ya san abin da yake jira, so yake Raihana ta zo.

Ta kuwa zo da hantsi, muna nan kusa muna ciyawa. Ya miƙe yana kakkaɓe jallabiya, har da murmushi.

"Bilyamin," ta ce, kamar mai kiran direban lori. "Halas, ya isa. Buɗe moya, bar ruwa ya wuce. Dawar maigidana na mutuwa, shi ko ba shi son hwaɗa."

Ko ƙifta ido ba ta yi ba da ta faɗi sunansa. Na Tahir ne ya gagare ta.

Wallahi duk haushinsa da nake ji, ranar ya ba ni tausayi. Ya ɗauki fartanya ya fasa lakar, ruwa ya gangara, ita ma ta bi shi ba ta waiwayo ba.

Da yamma wurin gahawa wani ya tsokane shi, ya ce mai hawashar sama a ƙara maka? Ya miƙa kofi bai ɗago kai ba.

"Bilyamin nika suna," ya ce.