Kyanwar da 'yata ta ɗaga wa Inna

'Yata ba ta tsayawa gaban waya. Da zarar ta ji na kira Inna a Damagaram ta bidiyo, sai ta shige ƙarƙashin tebur, don gaisuwar Inna doguwa ce, ita kuwa Hausarta ba ta wuce "lafiya lau" ba. A Vaulx-en-Velin, kusa da Lyon a Faransa, na haife ta, takardar zamana kuma ta ƙi fitowa, balle in kai ta gida. Tun tana goye rabon da Inna ta ga fuskarta sosai, ko a wayar. Abin yana cina a rai, ko da yake na iya ɓoye shi da faɗa.

Wata Lahadi muka hau bas daga Lyon zuwa wani tsohon gari da ke kan dutse, wanda aka ce kyanwoyi sun fi mutanensa yawa. Ni dai raka yarinya na yi. Ina dalilin hawa tudu don kallon abin da ke satar mana kifi a gida? Amma da muka shiga lungunan nan na duwatsu, matsattsu kamar na unguwar Birni a Damagaram, sai jikina ya yi sanyi. Ga kyanwoyin nan a kan taga, a bakin rijiyar da aka daina ja, kowace ta yi ƙiba kamar matar ɗan kasuwa. Yarinya ta yi ta binsu tana kiransu da Faransanci, ko kallo ba ta ishe su ba.

Da yunwa ta kama mu, muka zauna a kan matakalar wani gida na kwance ƙunshin kilishi. Kafin in kai baki, hannuna ya yago ɗan guntu ya jefa ƙasa. Haka Inna ta raine mu: ba a cin abinci dabba na kallo sai an fitar mata da nata. Na tsotsi leɓe na ce "mus, mus" yadda take yi a bakin madafa. Sai ga su ta kowane lungu. Wata baƙa wuluk ta haye cinyar 'yata ta kwanta abinta.

"Wa ya koya miki?" yarinya ta tambaye ni da Faransanci.

Na ce kakarta. Sai ta ce in kira ta. Na yi sauri na danna, kada ta canza shawara.

Ƙanwata ta ɗauka ta miƙa wa Inna. Yarinya ta tsaya cak gaban waya, ta ɗaga kyanwar da hannu biyu.

"Kaka, ga mus!"

"Iye, kishiyata ce yau da kanta?" in ji Inna, tana dariya. "Masha Allahu. Wannan farar mage taki ta yi kyawo."

Na dubi kyanwar, na dubi wayar. Idon Inna yana kallon wani wuri can gefe. Na karɓi wayar, na sa yarinya ta je ta raba sauran kilishin.

"Inna, mi ya samu idonki?"

"Yanar ido ce, tun damana. Ni na ce kar a gaya miki, kina da abin da ya dame ki."

Na so in yi faɗa, faɗan ya ƙi fitowa. Duk tsawon lokacin da na yi ina jan yarinyar nan daga ƙarƙashin tebur, ashe ina ganin akwai sauran lokaci. Kewar gida ta taso mini, hawaye suka zubo.

"Bar kuka cikin mutane," Inna ta ce. "Tana kusa?"

"Ga ta can."

"To, dube ta da kyau, ki faɗa mini kamanninta. Kar ki yi sauri."

Na share ido, na juya inda 'yata ta tsuguna cikin kyanwoyi. Na fara da goshi, don na Inna ne ta ɗauko.