Labarin Baffa a Cikin Kwamfutar da Ta Ƙi Tashi

Ko zan manta komai na ƙuruciyata, ban da ranar da na rungumi kwamfuta a cinyata tun daga Gwandu har Kalgo, ina addu'a kamar mai kai maras lafiya asibiti.

A ƙarshen shekarun casa'in ne, ina aikin buga takardu a wata makaranta a Gwandu. Kwamfuta ɗaya tal gare mu, fara, mai ƙaton kai, kullum lulluɓe da zane. Da izinin shugaban makaranta, Baffana, yayan mahaifina, yakan zo bayan la'asar ya zauna a benci yana faɗa mini tarihin gidanmu ina bugawa: malaman da suka karantar a zaurenmu, da yadda kakanmu ya taso daga Dalijan. Wata huɗu muka yi a haka. Yakan leƙa allon ya yi dariya ya ce, "Wagga aba ba ta gajiya?" Ina kewar waɗannan yammacin har gobe.

Allah ya yi wa Baffa rasuwa da damina. Bayan sadakar bakwai na koma aiki da niyyar fitar da labarin a takarda. Ina cikin dubawa aka ɗauke wuta, aka maido ta da ƙarfi. Na danna makunni, sai ƙara uku, ƙit, ƙit, ƙit, allo baƙi ƙirin. Na kashe na kunna ya fi sau goma. Ban taɓa kwafe labarin ko'ina ba, kuma mai faɗarsa yana kabari. Nan na kifa kai a tebur na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Shugaban makaranta ne ya ce akwai wani dattijo a Kalgo, tsohon mai gyaran rediyo da ya koyo aikin kwamfuta a Kaduna. Washegari na shiga mota, na sake wata a Birnin Kebbi, ban yarda an sa kwamfutar a but ɗin mota ba.

Dattijon bai taɓa ta ba sai da ya gama jin bayanina.

"Ɗiyata, mi ta yi kahin ta mutu?"

"Baba, wuta ce. Ƙara uku take yi."

"To, mai ƙara bai mutu ba. Faɗa miki take inda ke mata ciwo."

Ya kwance murfin, ya hure ƙura, ya zaro wani siririn falle mai haƙoran zinariya, ya goge su da abin goge fensir, ya mayar. Da ya kunna, ƙarar ta daina, allo ya yi haske. Na miƙe da murna, sai ta tsaya cik a kan wani layin rubutu.

"Zauna," in ji shi. "Ciwo guda ya warke, saura guda. Ba a haɗa su."

Ya ce abin da ke tayar da ita ne ya lalace, ba lallai abin da ke ajiye a ciki ba. Ya ɗauko wani faifai mai kusurwa huɗu daga gwangwanin alewa, ya zura, ta tashi da shi. Ya buga haruffa uku, sunayen rubuce-rubucen da na ajiye a ciki suka jero. Sai ga su: Baffa na ɗaya, Baffa na biyu, har na tara. Takwas suka buɗe lafiya. Na taran, hirarmu ta ƙarshe, rabinsa ya zama tarkacen alamomi. Ya gwada duk dabararsa, sannan ya girgiza kai.

"Wanga sai dai ki nemo shi cikin kanki."

Ya kwafe mini sauran a faifai biyu, ya ce kada su kwana ɗaki ɗaya. Matarsa ta kawo mana fura, na sha. A mota na rubuta abin da na iya tunawa na rabin da ya ɓace, amma na san kalmomina ne, ba na Baffa ba.

Yau jikokin Baffa suna karanta tarihin nan a wayoyinsu. Ni kuwa abu biyu na koya: in abu ya lalace, a natsu a saurare shi, a bi matsalar ɗaya bayan ɗaya. Sannan duk abin da ba za a iya sake samunsa ba, kada a bar shi wuri guda ko da na yini ɗaya ne.