Hannun da Ƙanwata Ta Danne

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zai kwashe ranar da muka kai ƙanwata asibiti a Yola, zamanin Jihar Arewa Maso Gabas. Abin da na fara gani da muka shiga ɗakin shi ne akwatin katako a buɗe bisa tabarma. Ba allura, ba kwalbar magani, sai 'yan katakai masu kusurwa huɗu, da duwatsun wuya, da zare.

Shan inna ne ya taɓa mata hannun dama. Ranar ɗaukar 'yan aji ɗaya a makarantarmu ta Jimeta, ta kasa zagayo da hannun ta saman kai ta kamo kunne. Hedimasta ya ce sai da takardar asibiti, in babu ta zauna gida. Goggo, yayar babanmu, ita ta kai ta, aka haɗa da ni don ina tsintar Turanci. Ina aji shida lokacin, kuma ko a ajin ba a san muryata ba.

Sista, wata mutuniyar Numan, ta zauna a ƙasa ta ce ƙanwata ta ɗora katakan bisa juna. Ta ɗora biyu, na uku ya rushe su. Aka ba ta zare, ko dutse ɗaya ta kasa zurawa. Sista na duba agogo tana rubutu. Can na lura yarinyar ta danne hannun hagu ƙarƙashin cinya, tana satar kallon Goggo. A gida, da ta miƙa hagu Goggo za ta buge shi. Amma ni da muke ɗaki ɗaya na san da shi take yi wa 'yartsanarta kitso.

Na daure na ce, "Sista, ai da ɗayan take yi."

"Ke, rufe mana baki!" in ji Goggo. "Ta karɓi abu da hagu a gaban manya, kamar ba a gida ta tashi ba?"

Sista ta yi dariya. "Goggo, ba tuwo za ta ci ba. Ni na roƙa, laifin a kaina."

Goggo ta kau da kai. Ƙanwata ta zaro hannun a hankali, ta jera katako takwas bisa juna ba wanda ya motsa, ta cika zaren da duwatsu. Ta dube ni ta ce, "Adda, in ƙara?"

"Ja'ira," in ji Goggo, tana goge ido da bakin gyale, "ashe ɓoye mana kike yi."

Sista ta yaga takardar farko ta ɗauki sabuwa. Ranar na gane kayan gwaji ba sa ganin abin da aka ɓoye musu, kuma kunyar wanda ya sani tana iya zaunar da yaro gida.

Har mun kai ƙofa na dawo da baya, na ce, "Sista, don Allah ki ƙara a takardar, kada malam ya doke ta in ta riƙe alli da hagu."