Ƙoƙon da Muka Yi Shekara Tara Muna Musu a Kansa

Shekara uku ke nan da rasuwar Malam Hamisu. A zamaninsa, kafin a ce ƙoƙo kaza launinsa kaza ne, sai an jira hantsi, an shimfiɗa farin ƙyalle a inuwa, an zauna. Yau mutum zai ɗauki hoto a ƙarƙashin fitilar ɗakinsa, ya turo a waya, ya rubuta "shuɗi ne", kuma ya yi fushi idan aka yi masa musu.

Mu 'yan tsiraru ne masu tara ƙoƙon tangarahu, wato gilashin nan mai siffar ƙararrawa da ake ɗaurawa a kan turakun waya a gefen layin dogo. Hamisu ya yi samartakarsa yana hawa turakun nan yana gyara, kafin neman abinci ya kawo shi Doha tuƙin motar kamfani. Ni kuwa a yawon duniya na tsinto nawa, daga Sudan har Indiya. A wani masallaci a unguwar Old Airport ta Doha muka haɗu.

Abin da ya dame shi shi ne launi. Gilashi ɗaya, Balarabe zai ce azraƙ, wato shuɗi, na ji Bafaranshe ya kira shi koren ruwa, mu kuma wani ya ce tsanwa, wani algashi, kowa ya kafe. Sai Hamisu ya sami katako, ya huhhuda shi, ya liƙa ɓallin gilashi a kowane rami don haske ya ratsa, ya rubuta suna a ƙasa: shuɗi, kore, ruwan ganyen albasa, ruwan zuma, ruwan toka, da shunayyar nan da rana ke sa wa tsohon gilashi bayan shekaru. Allo muke ce masa. Ka wanke ƙoƙo, ka kara shi da allo a hasken hantsi, ka rubuta sunan a takarda ka liƙa a gindinsa. Shi ke nan.

Ƙoƙo ɗaya ne muka kasa daidaitawa a kansa, wanda na kawo daga Sudan. Na ce kore, ya ce shuɗi. Shekara tara. Yakan ce, "Alhaji, harshe biyar a bakinka, amma ido ɗaya na kirki ba ka da shi." Ni kuma na rubuta "kore" da hannuna na liƙa, don ƙoƙon nawa ne.

Korona ce ta ɗauke shi. Ba a bar mu mun yi masa wanka ba. Kwalayensa suka zauna wurin ƙanensa Sabi'u, mai gadi a wani kanti. Gab da gasar ƙwallon duniya mai gidan ya ce yana son ɗakinsa, Sabi'u ya koma Al Wukair, can bayan gari. Da na je duba kayan, sai na tarar da ƙoƙo ɗari da 'yan kai a jere suna ƙyalli, ba takarda ko ɗaya.

"Baba Alhaji, na ga duk sun yi ƙura ne, na jiƙa su a ruwan sabulu. Khalas, ga su tas!"

"Takardun fa, Sabi'u?"

"Waɗancan tsummokaran? Ai sun bi ruwa."

Allon kuwa, da shi ya toshe gefen taga inda na'urar sanyi ba ta cike ba. Aikin shekara goma sha wani abu. Na zauna a kan bokiti, na ce ya ciro mini shi.

'Yan ƙungiyarmu suka ce a bar wahala, a ɗauki hotuna waya ta faɗi launi. Na ajiye ƙoƙo ɗaya, na ɗauke shi da waya uku, na tura musu launi uku. Har yau akwai mai cewa ƙoƙo uku ne. Da Hamisu na nan, na san abin da zai yi: zai kife wayar, ya tambayi mutum ko ya taɓa ganin hantsi.

Idan sunayen ba su koma ba, kayan Hamisu sun zama tarin kwalabe. Don haka duk Juma'a da hantsi, gari na ta ihun ƙwallo, ni da Sabi'u muna tsakar gida da farin ƙyalle. Sai dai kullum sai mun saɓa. Ya ce wannan ɓallin ya dace, na ce wancan. Na yi masa faɗa har na gaji, na rubuta abin da na ga dama, don ni ne babba.

Bayan gasar likita ya ce yanar ido ce ta rufe mini idanu, duka biyun. Aka cire. Safiyar da na fara gani sosai, na ga ƙyallen da na ɗauka ya dafe ashe fari ne fat. Likitan ya riga ya gaya mini yanar ido takan sa mutum ya ga komai da ɗan ruwan ɗorawa, ban kawo komai a raina ba. Na ɗauko ƙoƙon Sudan na kara da allo. Shuɗi ne. Ko musu babu.

Na ji haushin Sabi'u, na ji haushin masu waya, amma ban taɓa jin haushi irin na ranar ba, don wanda ya kamata in ba haƙuri yana cikin ƙasa. Na kira Sabi'u na ce mu ɓare duk takardun da na rubuta mu sake. Ya yi dariya har da tari. "To Baba, in kawo ruwan sabulu?"

Wata huɗu muka yi. Hamisu bai bar gida ba, bai bar mota ba, katako ya bari mai ramuka. Masu turo hoto ba su daina ba, ni ma ban daina yi musu faɗa ba. Amma yanzu ba a liƙa wa ƙoƙo suna a cikinmu sai mutum biyu sun duba shi da allo sun yarda, kome tsufan ɗayansu. Takardar da ke gindin ƙoƙon Sudan kuwa, "shuɗi" ke rubuce a kanta, da hannuna.