Daga Gindin Tsamiya Zuwa Bakin Tabarma

Ranar wata Laraba ce a ƙarshen damina, shekarar da na shiga aji biyar a firamarenmu ta Kalgo, ruwa ya tsare mu a aji bayan an kaɗa ƙararrawar tashi. Rufin kwano yana ta ƙara ba mai jin wani, sai malaminmu Malam Bitrus, mutumin kudancin Kabi, ya ce mu matso kusa da allo. Ya zana wata ƙasa da alli, ya ja layi ya raba ta biyu, ya ce sunanta Amurka. Ya ce mutanen ƙasar nan harshensu ɗaya, wasu ma uwa ɗaya uba ɗaya, amma sun shekara huɗu suna yaƙar juna a kan bayi. Na kudu sun ce da su saki masu noma musu auduga gara a raba ƙasar, na arewa suka ce ba a isa ba. Dubban ɗaruruwan mutane suka mutu, a ƙarshe aka yi shela cewa ba sauran bawa a ƙasar. Ni dai na saki baki, har ruwan ya ɗauke ban sani ba.

Na dawo gida da gudu, sababbin takalmana na roba a hannu don kada taɓo ya ɓata su. A lokacin ni ce rediyon gidanmu. Duk abin da na jiyo a rijiya, ko wajen gaɗa, ko a fadama inda muke yini korar tsuntsaye daga shinkafa, sai na zazzage shi kafin a kwashe tuwo. Na tarar da kakana, wanda muke kira Baba Tsoho, a gindin rumbu yana tufka igiya. Dogon mutum ne marar yawan magana, sai dai tsokana, don kullum sai ya ce ni amaryarsa ce da ba ta iya miya ba. Na fara ba shi labari ina jiran ya katse ni kamar yadda ya saba. Bai katse ni ba. Hannunsa ya tsaya a kan igiyar, da na kai ƙarshe ya ce, “Ɗiya masu 'yanci sunka mutu saboda bayi? Kulu, sake faɗa mini.” Na sake, ya sa na kuma sakewa.

Ban fahimci abin da ya taɓa shi ba sai da innata ta ja ni bayan ɗaki. Kowace kaka, damin gero na fari da aka ɗaure a gonarmu ba ya shiga rumbu. Baba Tsoho yakan ɗora shi a mota tare da bandar kifi, ya kai wa wani dattijo a Gwandu mai suna Malam Sambo. Sau biyu na raka shi, kuma na ɗauka zumunci ne kawai. Akwai wata tsamiya a bakin lungun gidan. Nan Baba Tsoho yake tuɓe takalmansa, ni ma in tuɓe, mu taka ƙasa mai zafi har zaure, ya zauna a ƙasa tsirara nesa da tabarma, alhali ya girmi mai gidan. Ranar ce inna ta gaya mini cewa mahaifin Baba Tsoho a rinjin gidan su Malam Sambo aka haife shi, wato ƙauyen bayinsu masu noma. An daɗe da hana bauta, amma gonar da muke ci tasu ce tun asali, ba mu da takarda ko ɗaya, damin nan ne ke riƙe mana ita. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, na yi kwana biyu ban iya haɗa ido da kowa a makaranta ba.

Shi kuwa Baba Tsoho sai ya mai da ni ɗan aike tsakaninsa da Malam Bitrus. Kullum da tambayar da zan tafi da ita makaranta tare da tsintsiyar shara. Wadda ta fi damunsa ita ce, “Da gari yaw waye, ina sunka tahi? Wa yab ba su gona?” Malam ya ce an yi wa wasu alkawarin gona da alfadari, alkawarin bai cika ba, da yawa suka koma noma gonakin iyayen gidansu na da, ana raba amfani. Da na kawo wannan amsa, Baba Tsoho ya jinjina kai ya daɗe, kamar wanda aka ba labarin ɗan'uwan da ya ɓata. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, tsohon da bai taɓa wuce Sakkwato ba ya san ƙarshen labarin mutanen da ke bayan teku tun kafin a gaya masa.

Da aka yanke gero Baba Tsoho ya ce tare da ni za shi Gwandu. Babana ya so ya hana, don ya san bakina. Ya ja mini kunne cewa duk abin da na ga tsoho ya yi in yi, kada rawar kaina ta ja mana asarar gona. Muka hau a-kori-kura da sassafe, damin yana bayanmu, muka wuce Kambaza rana ta fara zafi. A gindin tsamiyar Baba Tsoho ya sauke damin, ya tuɓe takalmansa kamar kullum. Na sunkuya zan kwance nawa, sai na ji hannunsa a kafaɗata. Ya ce, “Bar naki. Ni ƙahwata ta saba da ƙasag ga. Ke bakin tabarma za ki tuɓe, awa kowane baƙo.”

Lungun bai da tsawo, amma ban taɓa yin doguwar tafiya irinta ba. Takalman sababbi ne, kowane taku sai sun yi ƙara. Mata suna leƙowa ta kan katanga, wani mai sayar da rake ya bi ƙafafuna da kallo. Ina ta tuna gonarmu da rumbunanmu biyu da maganar babana. A gabana kuwa ga Baba Tsoho da dami a ka, ƙafa ba takalmi, yana tafiya a miƙe bai waiwaya ba.

Malam Sambo yana zaune a kan buzu a zaure, idanunsa sun riga sun tafi, amma kunnensa garau. Kafin mu gama sallama ya ce, “Dogo, wa ke tahe da takalmi?” Baba Tsoho ya ajiye damin a hankali, ya ce, “Jikata ce, Malam. Baƙuwarka ce.” Malam Sambo ya daɗe yana jan carbi, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Can sai ya ɗaga murya ya ce a kawo wa baƙuwa tabarma da fura. Da aka shimfiɗa, na tuɓe takalmana a bakinta na zauna. Sai ya ƙara da cewa, “Kai ma taso, Dogo. Mun tsuhwa.” Baba Tsoho ya matso ya ɗosana a gefen tabarmar, rabinsa a kai rabinsa a ƙasa, kamar mai zama a bakin kwalekwale. Suka yi hirar damina da tsadar taki, ba wanda ya ambaci gona.

A hanyar dawowa bai tsokane ni ba ko sau ɗaya. Sai da muka hango fadamar Kalgo ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Ubana ya mutu bai taka lungun can da takalmi ba. Yau jininai ya taka.” Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, kuma ban taɓa jin girman wani mutum a raina kamar nasa a wannan yammaci ba.

Gonar tana hannunmu har yau, ƙannena ke noma ta. Damin ya ci gaba da zuwa Gwandu har dattijan biyu suka rasu, daga nan ya tsaya ba tare da kowa ya ce a tsaya ba. An sare tsamiyar, wani mai cajin waya ya kafa rumfa a wurin. Ba zan ce komai ya wuce ba, don har yanzu in maganar aure ta taso akan sami mai raɗa yana tambayar asali. Amma 'ya'yana suna shiga ko'ina da takalmansu, ba su san akwai wanda ya taka ƙasa mai zafi a gabansu ba. Nakan so a ce Baba Tsoho yana nan ya ga yadda suke watsar da su a ƙofar ɗaki ba ko kulawa. Na san dariya zai yi, ya ce in bar su.