Kulocin Jabu Ya Hana Ni Wanke Yayata

Ni tsohuwa ce daga wani ƙauye a ƙasar Kura, ban yi boko ba, matar ɗana ce ke rubuta abin da nake faɗa. A lokacin da abin nan ya faru ina da ƙarfina, ina sussukar shinkafa, kuma in mace ta rasu a unguwarmu ni ake aikowa in yi mata wanka. Mu biyu uwarmu ta bari a duniya, ni da Yaya, wadda aure ya kai ta wani ƙauye bayan Bunkure. Ita ta goye ni, ita ta koya min wankan gawa. Ranar da muka wanke uwarmu, hannunmu bai bushe ba Yaya ta sa muka yi alkawari: duk wadda ta riga tafiya, 'yar'uwarta ce za ta wanke ta. Tana da tabon ƙuna tun daga ƙirji har cinya, wanda ta samu garin fizge ni daga bakin murhu ina rarrafe, kuma ba ta yarda wata mace ta gani. Muka tsufa da wannan alkawari.

Autana manomin rani ne, mai ƙoƙari, ba ya shan komai, ba ya yawo. Cutarsa ɗaya, mota. Shekarar da tumatir da albasa suka yi masa kyau sai ga shi da wata ja mai ƙofa biyu, cikinta kamar zai shafi ƙasa, kukanta na tashin kaji daga kan ƙwai. Ya ce irin ta tsere ce. Na tambaye shi ina za a sa buhun taki, ya yi dariya ya ce wannan ba jaka ba ce, doki ce. Na ce to dokin da ba ya iya tsallake kunya a gona, Allah ya ba da sa'a.

Ba a jima ba ta fara ciwon kuloci, wato abin da direba ke takawa da ƙafar hagu kafin ya sauya giya. Auta ya yi min bayani da abin da na sani. Ya ce kamar bututun roban nan ne da muke jan ruwa da shi daga kanal zuwa fadama: muddin a cike yake ruwa na bi, da zarar iska ta shiga shi ke nan. Akwai ɗan kofi a sama da ake zuba man birki, in ka taka sai man ya bi siririn bututu ya tura wani ƙarfe a ƙasa. Wata 'yar roba kamar zobe ce ke tsare man, ita ce ta cinye. Na asali sai an aiko daga Legas, sai an jira. Mai kayan gyara a birni ya ɗauko masa wani a kwali mai ƙyalli, ya rantse masa cewa uwa ɗaya uba ɗaya suke, suna ne kawai ya bambanta. Makaniki ya ɗaura, ya buga ƙirji. Bai daɗe ba ya fara yoyo, aka koma aka sake ɗauro ƙaninsa daga shagon nan dai.

Ni ke share ƙofar gida. Kullum da safe ina ganin ɗigon mai a inda motar ke kwana, sai in watsa toka in share. Ina ganin Auta yana buɗe gabanta yana ƙara mai a kofin, yana tattaka ƙafa kamar mai ɗinki da keke. In na yi magana sai ya ce Inna ki bar wannan, ƙaramin abu ne.

Wata Juma'a cikin bazara, da hantsi, aka bugo waya cewa Yaya ta cika. 'Yarta ta ce za a sallace ta bayan an sauko daga masallaci, in yi sauri, ruwa na kan wuta, kowa ya san wankan nawa ne. Na ƙulle ganyen magarya da sabulu da turare a gefen zane na fito. Maƙwabcinmu mai a-kori-kura ya riga ya tayar da motarsa, matan dangi sun hau baya, ya buɗe min gaba. Sai Auta ya tare ni, idonsa jawur, ya ce ba za a kai uwarsa makokin yayarta kamar kwandon tumatir ba, kafin wannan akwalar ta kai titi mun isa. Na sa ƙafa ɗaya a motar maƙwabci, na sauke ta. Sauri nake so, kuma ba zan ɓoye ba, zuciyata ta so a ga ɗana ya kawo ni.

Ya ce mu yanke ta hanyar bakin kanal, ta fi kusa. Muna cikin tafiya, shinkafa kore shar dama da hagu, sai na ji ya yi salati. Ya taka kuloci, abin ya nutse ya manne da ƙasa, bai dawo ba. Ya sa hannu ya ɗago shi, ya sake takawa, babu komai a ciki, kamar ka taka fanko. Giya ta ƙi shiga, sai gurnani. Ya juye sauran man da ke galan ɗinsa, muna kallo yana tsiyaya a kan ƙasa ta ƙarƙashi. Ya gwada tayar da ita a cikin giya, ta zabura kamar akuya, ta hau tudun da tayar tarakta ta bari, cikinta ya dafe, ƙafafun baya na juyi a banza.

Ranar Juma'a ce, rana ta take, gonaki babu kowa, duk an tafi wanka da shirin masallaci. Ko mai babur ɗaya babu. Auta ya yi ta waya, wanda ya ɗauka yana nesa, wanda ke kusa bai ɗauka ba. Na ɗauki ƙullina na kama hanya da ƙafa. Yana bina yana cewa Inna ki yafe min, ban juya ba. 'Yar Yaya ta bugo tana kuka, ta ce zafi ya yi yawa, liman ya aiko, maza sun ce ba a ajiye gawa saboda mutum ɗaya. Na ce a ƙara min kaɗan. Ta ce an ƙara, Inna, har an gaji da ƙarawa.

Wani mai babur ɗauke da jarkokin madara ne ya tsince ni daga baya. Muna shiga garin muka yi kiciɓis da maza suna dawowa daga maƙabarta, da makara babu kowa a kai. Matan da na bari a bayan a-kori-kura tuni sun sha ruwa sun huta. Wata maƙwabciya ce ta yi wankan, mace mai kirki, ta kama hannuna tana min gaisuwa, sannan ta rage murya ta tambaye ni ashe haka marigayiya ta sha wuta, me ya same ta. Abin da Yaya ta rufe tun tana yarinya ke nan.

Daga baya na asalin ya iso daga Legas, aka ɗaura, motar ba ta sake tari ba. Mai shagon da aka mayar wa nasa cewa ya yi kaya sa'a ne. Na yafe wa Auta, ɗana ne, kuma kuka ya yi har ya rame. Amma ban sake shiga motar ba, kuma wanda ya rantse da Allah a kan robar banza, shari'armu tana gaba.

Abin da na koya shi ne kayan jabu ba ya mutuwa ranar da kake zaune a gida, sai ranar da ba ta maimaituwa. Ku samari masu son mota mai gudu, in kun ga tana ɗiga ku ajiye ta har na ƙwarai ya zo. Ku iyaye mata, in kun ga ɗigon kada ku rufe shi da toka. Ganyen magaryar nan yana nan a ƙulle cikin aduduna, ya bushe ƙarau. Na gaya wa mai rubuta min wannan cewa da shi za a wanke ni, tunda wadda na ɗebo wa ba ta samu ba.