Baffa Sule da Tanderun Faransawa

Duk wanda Baffa Sule ya taɓa shiga gidansa ya san abin da zan fara faɗa. Kafin ya zauna, kafin ma ya gama amsa gaisuwa, sai ya juya zoben azurfarsa ya ƙwanƙwasa bango sau uku, ya kara kunne. Mu kuwa mu yi tsit kamar masu jiran sakamakon asibiti. Ranar da na tare a sabon gidana na unguwar Barking a Landan, na yi girki na tara jama'a, ina ta hura hanci, Baffa ya shigo ya yi ƙwas-ƙwas-ƙwas, ya dube ni cike da tausayi.

"Uwata, kwali suka sayar miki."

Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake ce mini Uwata, amma hakan bai taɓa sa ya raga mini ba. Sai da na yi kwana uku ba na ɗaga wayarsa.

Ya shafe rabin rayuwarsa yana duba wa hukuma lafiyar gine-gine, yana zaune a unguwar Thamesmead cikin abin da yake kira akwatin siminti. Abin da wasunku ba su sani ba shi ne mahaifinsa, kakana, magini ne a Zariya, irin masu ginin ƙasa. Bayan rasuwar tsohon, Baffa da bakinsa ya bugo waya daga Landan ya ce a rushe soron da tsohon ya gina a yi na bulo, wai a waye. Da ya je gida ya ga wurin, ranar ko ruwa bai iya sha ba. Matarsa, Hajiya Ladi, ta ce tun daga nan magana ɗaya yake maimaitawa: "Na rushe aikin ubana, ban ɗora ko tubali ɗaya a madadinsa ba. Da wane ido zan dube shi?"

To, shekarar da ya yi ritaya na ce bari in kai su hutu. Hajiya Paris take so, har ta gama zaɓen jakunkuna a ranta. Ni kuma da iyayina na ce ai hutu sai ƙauye, na kama mana ɗan gida a arewacin Faransa, a wani ƙauye da shanunsa suka fi mutanensa yawa. Ɗoki ya hana ni sakat. Na samo takardar wuraren tarihin garin na haddace ta: tsohuwar coci, gadar dutse, kangon fadar wani basarake, da wurin wankin matan zamanin da. Kowane wuri na ba shi lokacinsa.

Muna sauke kaya Baffa ya ce babu inda za shi sai ya gai da mai gari.

"Baffa, nan fa ba a yin haka. Tourists ne mu."

"Ke ce turis. Ni baƙo ne, kuma an yi mini tarbiyya."

Muka yi ta tambaya har aka nuna mana mai garin. Mace ce, a kan tarakta, da dogon takalmin roba. Baffa ko gezau. Ya gyara hula, ya rusuna, ya miƙa mata farin goro da hannu biyu. Baiwar Allah ta ɗauka wani kayan zaƙi ne, ta gatsa da ƙarfinta. Na ga idonta ya kawo ruwa, kunnenta ya yi ja, amma ta daure ta haɗiye, har da murmushi.

"Wannan ta iya sarauta," in ji Baffa. "Yanzu mu je kallon naki."

Kallon nawa kuwa ya sha kashi. A coci, ina karanto musu tarihi, shi yana can yana ƙwanƙwasa ginshiƙi. "Wannan an ba shi haƙƙinsa," ya ce, ya fice. A gada ya gangara ƙarƙashi, duk hotunan da na ɗauka ba abin da ake gani nasa sai saman hula. A kangon fada ya ja dogon tsaki ya ce, "Magada ne suka yi sakaci. Na san irinsu." Daga nan ya kau da kai, duk muka san da wa yake. Hajiya ce ta cece mu da tambayar ko garin nan akwai shago ko da guda ne.

Muna kan hanyar komawa muka bi ta bayan coci, sai ga wani ɗan ɗaki mai tudun baya. A can ƙarshen takardata yake, ban ma sa shi a lissafi ba: tanderun da mutanen garin suke gasa burodi a zamanin da. Baffa ya ja ya tsaya. Ya ƙwanƙwasa. Ya kankaro kaɗan da farce ya ɗora a harshe.

"Hajiya! Uwata! Ƙasa ce! Wallahi ƙasa ce da ciyawa! Turawa da ginin ƙasa, har da sa shi a takarda ana zuwa kallo!"

Tun da nake ban taɓa ganin Baffa cikin irin wannan murna ba. Ya dinga zagaya ɗakin yana shafa shi yana dariya. Yana kaiwa baya dariyar ta ɗauke, domin wani ya liƙe wata ƙatuwar ɓaraka da siminti.

"Wane mara tausayin ne ya yi wannan?"

Mara tausayin yana zaune a benci yana kallonmu. Wani tsoho ne mai kula da wurin, sunansa Armand, wanda Baffa ya raɗa wa Armaya'u nan take. Aka ce in yi tafinta da Faransancina na sakandare.

"Gaya masa siminti ba ya barin ƙasa ta yi numfashi. Ruwa zai taru a bayansa ya cinye ginin daga ciki. Gaya masa duka, kada ki rage."

Abin da na iya haɗawa shi ne, "Baffana ya ce siminti babu kyau." Tsohon ya miƙe ya zuba magana mai tsawo, da hannu da kafaɗa.

"Me ya ce?"

"Ya ce ina ruwanka."

Baffa bai ƙara bi ta kaina ba. Ya kamo hannun Armaya'u ya cusa a ƙarƙashin simintin, jiƙaƙƙiyar ƙasa ta zubo masa a tafi. Tsohon ya dubi hannunsa, ya dubi Baffa. Washegari da hantsi na leƙa ta taga na hango su biyu suna tura baro.

Sauran hutun a bayan coci muka yi shi. Baffa ya naɗe wando yana cuɗa ƙasa da ƙafa, da ciyawa da kashin doki, mai gari tana kawo musu kaya a tarakta. Ba mai jin yaren wani, amma faɗa suke yi daga safe har la'asar, kowa da harshensa. Ranar dawowa warin da ke cikin motata sai da ya sa muka sauke gilashi har Landan.

"Alhaji," in ji Hajiya, "mutane in sun je Faransa turare suke dawowa da shi."

"Su suka sani."

Shekara ta zagayo ya ce sai an koma, wannan karon da makuba, wato garin ɓawon ɗorawa da magina suke jiƙawa su yi yaɓe don kada ruwa ya ci bango. Tun daga Zariya ya sa aka aiko masa. A bakin ruwa, inda za mu shiga jirgin tsallakawa Faransa, jami'in da ke duba motoci ya buɗe but ɗin motata ya ga buhun jan gari ba rubutu ba komai. Ya tambaya. Baffa ya gyara murya ya ce masa magani ne.

"Baffa, don Allah kada ka ce magani," na raɗa masa. "Za a yi arresting ɗinmu."

Jami'in ya ce maganin wa? Baffa ya ce na bango. Aka kai mu wani ɗaki. Nan Baffa ya nemi takarda da biro ya shiga koya musu ginin Zariya tun daga tushe, har da zane. Jirgin ruwanmu ya tafi ya bar mu. Ina kyautata zaton sun sake mu ne don su huta.

Haka muka yi ta zuwa, kowace bazara ya gyara gefe ɗaya. Saura gefen yamma, wanda ruwa ya fi duka, zuciyarsa ta fara ba shi matsala. Likita ya hana shi duk wani aikin ƙarfi. Ana cikin haka Armaya'u ya turo hoto: bangon ya tsage daga sama har ƙasa, in ruwan saman da ake yi da hunturu a can ya same shi a haka, tanderun ya tafi. Na ce na yi cancel, babu inda za mu. Raina a ɓace na faɗa, domin tsoro nake ji, kuma na gaya masa hakan.

"Uwata," ya ce a hankali, "na taɓa zama a Landan wani gini ya faɗi. Ba zan sake ba. Likita aiki ya hana ni, bai hana ni magana ba."

Haka muka koma. Sai ga shi a kujera da bargo a cinya, ni kuwa, da ko wanke-wanke sai da safar hannu, ina tsakiyar taɓo har ƙwauri.

"Da dunduniya, Uwata! Ba rawa na ce ki yi ba!"

Hajiya ta gaji da kallo ta ci ɗamara ta shigo. Armaya'u yana yaɓe, Baffa yana nuna masa kuskure da sanda. Da aka gama ya ce a ɗaga shi. Muka tallafe shi ya hau benci, ya mulmula ɗan zanko a kusurwa, irin ƙahon nan da ake yi wa saman soro a gida. Armaya'u ya tambayi mene ne.

"Gaya masa sa hannun ubana ne."

Wannan karon na fassara duka, ban rage ba. Ranar da za mu taho bangon ya sha iska. Baffa ya juya zobe ya ƙwanƙwasa, ya daɗe da kunne a jiki, sannan ya ce, "Yanzu in mun haɗu da tsohon zan iya ɗaga kai." Bai ga wata bazarar ba.

Bana muka koma, ni da Hajiya. Tanderun yana nan daram, ruwa bai ci ko ƙwarzane ba. Muka tarar da wata mai zagayawa da baƙi tana nuna musu zankon, tana bayani wai wata alama ce ta mutanen da, masana ma ba su gano ma'anarta ba. Kowa sai ɗaukar hoto yake. Na buɗe baki zan gyara mata, Armaya'u ya ɗora yatsa a leɓe daga bencinsa. Hajiya ta yi dariya har da riƙe ciki, dariyar ta koma hawaye.

"Ƙyale su, 'yar nan. Ai abin da yake so ke nan."

Da baƙin suka watse ta kwance bakin mayafinta ta ciro zoben. Ta ƙwanƙwasa sau uku, muka kara kunne mu uku, har da Armaya'u.

Allah Ya jiƙan Baffa Sule, Ya yafe masa, Ya haɗa shi da mahaifinsa cikin rahama. Ya Allah, Ka ba su gidan da in Baffa ya ƙwanƙwasa ba zai sami abin cewa ba. Amin.